Shekarar da Na Kumbura Zuciyar Baffa

Na san abin da kuke ji duk ranar da kuka je biki ko suna a Fammar, wurin dangin mahaifiyarku. Na san sunan da kawunku Buba ya laƙaba mini, kuma na san kun daɗe kuna dariyarsa a bayan idona. Mai-tuɓe-suruki. To, Buba bai yi ƙarya ba, na tuɓe shi. Sai dai rabin labarin yake bayarwa, rabin da ya fi daɗi a bakinsa. Yanzu da na ajiye aiki na samu zama, bari in rubuta muku shi daga tushe, har da wurin da na yi abin kunya na gaske, wanda shi Buban bai taɓa sanin nauyinsa ba.

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina ɗaukar hoton ƙirji da na ƙashi a wani asibiti a Rano. Mutane gani suke aikin danna maɓalli ne kawai. Ina! Aikin duka yana wajen tsayar da mutum. Sai ya cire riga, ya juya wa injin baya, ya manna ƙirjinsa da farantin da fim yake ciki, ya ɗora bayan hannuwansa a kugu ya turo kafaɗu gaba. Sannan in kama kafaɗun nan da hannuna in daidaita su, kada ɗaya ta riga ɗaya, in koma bayan katanga in daka masa tsawa ya ja numfashi ya riƙe. An san ni da tsawar nan. Na yi wa dagatai, na yi wa 'yan sanda, na yi wa wani alƙali har ya juyo ya harare ni, na ce ranka ya daɗe, ka ɓata min fim, a sake. Likitoci kuwa in suka ga hoto suka ji an ce na Malam Sabo ne, ba sa ƙara tambaya. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye muku ba, kuma alfaharin yana cikin abin da ya kusa kayar da ni.

Kakanku Baffa Jauro, mahaifin mahaifiyarku Dije, ku manyan kun san shi, ƙananan kuwa sai a hoto. Dogo ne, ba jiki, Bafulatanin da ya zauna ya yi noma amma bai taɓa yarda shanu su bar ƙofar gidansa ba. Fulako kuwa, wato kunyar nan tasu da kamun kai, a wurinsa aka gama ta. Shekara goma sha bakwai ina auren 'yarsa a lokacin, bai taɓa kiran sunana ba. In na je gaisuwa na cire takalmi tun daga nesa na durƙusa, sai ya dubi gefe ya ce, “Mutanen Rano ne? An zo lafiya?” Ni ma ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na ga ƙwayar idonsa ba. Haka muke, kuma muna ƙaunar juna a haka.

Burinsa ɗaya a duniya, ya je Makka. Ya sayi haraminsa, fararen mayafan nan biyu da alhazai suke ɗaurawa, tun mahaifiyarku tana goyon 'yar'uwarku Hadiza, ya naɗe ya sa a akwati. Duk bayan damina sai ya fito da shi ya shanya ya mayar. A shekarar da nake ba ku labari Allah ya sa ya samu kujerar aikin Hajji, saura likita ya duba shi ya sa hannu a takarda. Ranar Alhamis za a rufe karɓar takardun. Ga shi an gama sussuka, ƙaiƙayi ya sa masa tari, sai likitar da take duba maniyyata, Dakta Rabi, ta ce a kawo mata hoton ƙirji tukuna. Yarinya ce a kaina nesa ba kusa ba, amma ba ta wasa da aiki.

Ranar Litinin da hantsi Buba ya goyo shi a babur. Shugaban sashenmu ya tafi kwas Kano, ni kaɗai ne a ɗakin hoto. Ina ɗaga labule sai na ga Baffa. Ya shigo da babbar rigarsa mai aiki a ƙirji, ya ga kujerar da muke ajiyewa don marasa lafiyar da ba sa iya tsayuwa, ya zauna a kai yana fuskantar injin. Na durƙusa na gaishe shi. Na buɗe baki in ce a cire riga, maganar ta maƙale. Ni Sabo in ce wa Baffa Jauro ya tuɓe? In ce ya juya min baya, in kama kafaɗarsa? Sai na miƙa wa Buba farantin na ce ya soka a bayan Baffa, tsakaninsa da jikin kujera. Shi kuma Baffa, don kada mu haɗa ido, ya ɗan karkace gefe ya sunkuyar da kai. Na koma bayan katanga, na ce da wata muryar da ni kaina ban san ina da ita ba:

“Baffa, ko za a ɗan ja numfashi?”

Ya ce, “Na'am?”

Ni kuwa na danna.

Ga inda nake so ku karanta a hankali. Ɗaukar hoto a zaune ta gaba ba laifi ba ne, muna yi wa wanda ba ya iya tashi. Amma dole ka rubuta a jikin fim ɗin cewa ta gaba aka ɗauka, domin irin wannan hoton yana ƙara wa zuciya girma, likita ya sani kada ya auna ta a kai. Na wanke fim, na ɗauki alƙalami zan rubuta, sai na ajiye. Na ce a raina, in na rubuta, Dakta za ta tambaye ni me ya hana mutumin da ya shigo da ƙafarsa tsayuwa, me zan ce mata? Na sa a ambulan na ba Buba. Wannan shi ne abin kunyar, ba wanda ake rera muku a Fammar ba.

Ba a yi rabin awa ba aka ce Dakta tana kirana. Na tarar da layin maniyyata har bakin baranda, ita kuma ta maƙala hoton a jikin fitilar dubawa, rula ta awo a hannunta. Ƙa'idar ita ce, ka auna faɗin zuciya daga gefen dama zuwa na hagu, ka auna faɗin ƙirji daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari. Zuciyar lafiya ba ta wuce rabi. Ta Baffa ta wuce rabi ta yi gaba abinta. Tsakiyar ƙirjin kuma, inda babbar jijiyar jini take tasowa daga zuciya, ya buɗe ya yi faɗi kamar an shimfiɗa tabarma.

Ta ce, “Malam Sabo, hoton nan naka ne?”

Na ce, “Nawa ne, Dakta.”

Ta ce, “To, in naka ne ba ni da shakka.”

Ta juya ta gaya wa Buba cewa zuciyar ta kumbura, kuma tana tsoron babbar jijiyar ma ta buɗe. Ba za ta sa hannu tsoho ya shiga cunkoson ɗawafi da wannan ƙirjin ba. Za ta tura shi Kano a yi masa manyan gwaje-gwaje, kuma kowa ya san kafin a ga likita a can an daɗe da rufe takardu. Baffa ya saurara har ta gama, ya miƙe ya gyara rigarsa.

Ya ce, “Ba komai, 'yata. Allah ne bai kira ba.”

Kwana biyu na yi da abin nan a cikina. Ranar Talata mahaifiyarku ta je Fammar ta dawo idonta jawur. Ta ce 'yan'uwanta sun karɓe sandar Baffa, sun hana shi zuwa wajen shanu, sun ce ya kwanta kada zuciya ta fashe. Mutumin da yake taka ƙafa daga Fammar zuwa kasuwar Kibiya ya dawo bai nemi ruwa ba, ga shi a kwance kamar mai jego. Ya ƙi fura. Kuma ya sa an buɗe akwati, ya nuna haramin ya ce a adana shi da kyau, tunda bai je Makka ba, da shi za a yi masa likkafani. Laraba da safe tana zuba min koko na kasa sha. Na gaya mata komai, tun daga kujerar har alƙalamin da na ajiye. Kun san mahaifiyarku ba ta da ɗaga murya, amma ranar na ji ta.

Ta ce, “Au! Ashe kai ka kumbura zuciyar ubana?”

Na ce, “Dije, nauyinsa na ji.”

Ta ce, “Nauyinsa ka ji, shi ya sa ka bar shi yana zaɓen likkafani? Ajiye kokon nan, Malam. Wallahi ba za ka sha shi ba sai ka je ka gyara abin da ka ɓata.”

Ta ɗauke kwanon kuwa. A lokacin ana maganar ni za a ba shugabancin sashe in oga ya yi ritaya, takarda ta riga ta tafi. Na san in na buɗe baki wannan ya sha ruwa. Na yi ta juya abin a kan babur har ƙofar asibiti, ina neman wata hanyar da zan sa a sake hoton ba tare da na ce ni ne ba. Ban samu ba, kuma na gode Allah da ban samu ba.

Na shiga wurin Dakta Rabi kafin ta fara ganin mutane, na roƙe ta ta sake maƙala hoton. Na nuna mata ƙasusuwan wuya guda biyu, na ce ta dubi inda bakinsu ya tsaya: ɗaya ya manne da layin ƙashin baya, ɗaya ya yi nesa, alamar mutum a karkace yake, kuma karkacewa kaɗai ta isa ta buɗe tsakiyar ƙirji. Na ce ta ƙirga haƙarƙari ta baya. Ta ƙirga, bakwai, alhali wanda ya cika huhunsa da iska sai ka ga tara ko goma. Huhu bai buɗe ba, ciki ya turo zuciya sama ta kwanta a gicciye. Ga allon kafaɗa nan ya shigo cikin huhu. Har aikin rigarsa ya bar ɗan dishi-dishi a saman ƙirji. Sannan na faɗi abin da ya fi min wuya, cewa a zaune na ɗauka, ta gaba, kuma na ƙi rubutawa da gangan.

Ta ce, “Me ya kai ka, Malam Sabo?”

Na ce, “Surukina ne.”

Ta dafe kai. Ta ce ita ma da laifinta, da ta ƙirga haƙarƙarin da kanta maimakon ta dogara da sunana. Amma dole ta rubuta abin da ya faru, ba za ta rufe ba, na san abin da hakan zai jawo min? Na ce na sani.

Ta ce, “To je ka kawo shi yau. Babu kowa a ɗakin hoto sai kai. Kai ka ɓata, kai za ka gyara.”

Na kama hanyar Kibiya na wuce Fammar, rana ta take. Buba na tarar a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya tare hanya, ya ce an riga an wahalar da tsoho sau ɗaya, ba za a mayar da shi abin gwaji ba. Muna cikin haka muka ji muryar Baffa daga ɗaki yana cewa a bar mutanen Rano su shigo. Na shiga na durƙusa a bakin ƙofa. Ɗakin da ɗan duhu, sai na kunna fitilar wayata na ba Buba ya riƙe, na manna tafin hannuna da bango. Na ce Baffa a dubi inuwar nan, daidai take da hannuna. Na janye hannun daga bango na matso da shi wajen fitila, inuwar ta bazu ta zama kamar ta ƙato. Na ce zuciya a gaban ƙirji take. In mutum ya manna ƙirjinsa da faranti, inuwarta takan fito daidai. Ni kuwa a baya na sa farantin, nesa da ita, shi ya sa ta fito ƙatuwa. Baffa ya daɗe yana kallon bangon. Bai dube ni ba, Buba ya duba.

Ya ce, “Tambayi mutanen Rano, inuwar ce ta yi ƙarya ko mai riƙe da fitila?”

Na ce, “Mai fitilar ne, Baffa. Kunyarku ce ta hana ni yin aikina, kuma na ɓoye.”

Ya ce, “Yanzu me ake so?”

Na ce sai an cire riga, a juya min baya, in kama kafaɗu da hannuna, kuma in ɗaga murya. Ban ce zuciyar lafiya lau take ba, domin ban sani ba, na ce dai ba mu gan ta ba tukuna. Buba ya yi tsalle kamar an taka shi.

Ya ce, “Haba! Kai ɗin? Ka tuɓe Baffa? A gidanku haka ake yi?”

Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya tashi zaune a hankali.

Ya ce, “A Makkan ma ai cire rigar za a yi, a gaban duniya. Buba, ɗauko min takalmi. Ka haɗo da sandata.”

Da la'asar muna ɗakin hoto. Na rufe ƙofa na bar Buba a waje. Baffa ya cire babbar riga ya cire 'yar ciki ya ninke su da kansa. Na nuna masa inda zai tsaya. Da na ɗora hannuna a kafaɗunsa, na ji tsokar nan tauri kamar ta saurayi. Na turo su gaba, na ɗaga haɓarsa da yatsana, na duba na sake dubawa. Na koma bayan katanga. Na ce a raina, Sabo, in ka sake yin muryar amarya ka kashe mutumin nan. Sai na saki ainihin muryata.

“Baffa, ja! Ƙara! Ƙara, na ce! Riƙe! Kar ka motsa!”

Baranda gaba ɗaya ta ji, har masu shara suka tsaya. A nan Buba ya samo sunan da yake kirana da shi.

Ban taɓa jin minti biyar na wanke fim sun yi min tsawo kamar na ranar ba. Da na ɗaga shi a haske, kai, sai da na yi kabbara ni kaɗai a ɗakin duhu. Na rubuta a kusurwa da manyan baƙaƙe cewa a tsaye aka ɗauka, ta baya, na kai wa Dakta da hannuna. Ta maƙala shi kusa da na farko. Ka rantse mutum biyu ne. Haƙarƙari goma cif. Ƙasusuwan wuya sun zauna daidai dama da hagu, maƙogwaro ya sauko ta tsakiya sak. Gefen zuciya na dama da na hagu sun fito tas kamar an yanka da reza. Tsakiyar ƙirjin da ya bazu ya tsuke, sai ɗan lanƙwasar babbar jijiya a sama ta hagu, ta ce wannan na shekaru ne, kowane tsoho yana da shi. Ta ɗauki rula, sai ta ajiye. Ta zari tsinke a tsintsiyar da ke bayan ƙofa, ta auna faɗin ƙirjin, ta karya shi gida biyu, ta miƙa wa Baffa rabi.

Ta ce, “Baba, ku auna da kanku. In zuciyar ta fi tsinken nan faɗi, ba zan sa hannu ba.”

Ya karɓa, ya matso, ya ɗora tsinken a kan farar inuwar zuciyarsa. Tsinken ya rufe ta har ya yi saura. Ya ɗaga ya sake ɗorawa, ya sake yin saura. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Baffa Jauro yana dariya har ana ganin giɓinsa. Dakta ba ta tsaya nan ba, ta sake sauraron ƙirjinsa, ta auna jininsa, ta danna ƙafafunsa ta ga babu kumburi, ta sa ya zagaya baranda da sauri ya dawo bai yi haki ba. Sannan ta sa hannu. Ni kuwa na fita bayan ɗakin hoto na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa muku. Da na koma gida mahaifiyarku ta dama min sabon koko da magariba ta kawo min.

Takardar gargaɗi ta shiga fayil ɗina. Shugabancin sashe aka ba Lawan, wanda ni na koya wa riƙe faranti, kuma na yi ta ce masa oga har ranar da na ajiye aiki. Ya yi min ciwo, musamman shekarar farko. Amma ranar da muka je tarar alhazai na hango Baffa ya sauko daga mota da farar hula, ya yi baƙi ya rame yana ta murmushi, na san ban yi asara ba. Na durƙusa na ce Alhaji barka da sauka. Ya dubi gefe ya ce, “Mutanen Rano ne? An zo lafiya?” Haka muka koma yadda muke. Ya ƙara shekara tara a duniya, yana bin shanunsa da sandarsa, bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba.

Ranar da ya rasu, Buba da kansa ya zo Rano da sassafe. Bayan mun yi salati na ɗauki hula zan bi shi, sai ya tsaya yana murza makullin babur, ya kasa dubana.

Ya ce, “Ya bar wasiyya. Ya ce kai za ka yi masa wanka. Ya ce kai ka san yadda ake kama kafaɗunsa.”

Na ce, “Mutanen Rano ya ce?”

Ya ce, “A'a. Sabo ya ce. Sau biyu ya faɗa.”

Ni na wanke shi, Buba yana zuba min ruwa. Muka naɗe shi a cikin haramin nan, wanda ya riga ya je Makka ya dawo. Saboda haka in kun je Fammar kawunku ya ce ga 'ya'yan Mai-tuɓe-suruki, kada ku sunkuyar da kai. Ku amsa masa, ku ce sau biyu ma babanku ya tuɓe shi, na biyun kuwa Baffa ne ya kira shi da sunansa.